Kuɗin Tsufan Dalyop

Duk wanda ya yi aiki da Dalyop a unguwar Cheetham Hill ta birnin Manchester ya san ko shayi ba ya saye a waje. Da kular abincinsa yake zuwa, ya ajiye ta a ƙarƙashin kujerar motar ɗaga kaya da yake tuƙawa a wani katafaren sito na 'yan sari, in lokacin hutu ya yi ya koma gefe ya buɗe. Abokan aikinsa kan tsokane shi cewa kullum shinkafar jiya ce. Sai ya yi murmushi ya ce ai ta jiya ta fi kama jiki.

Mutumin Filato ne, daga wani ƙauye a bayan Vom. Shi da matarsa Justina suna zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Old Trafford. Ita tana aiki a gidan kula da tsofaffi. 'Yarsu ɗaya ce, Nanret, haihuwar Manchester. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, irin na yaran unguwa, wanda wani lokaci sai uban ya ce ta sake faɗa a hankali.

Shekarar da aka soma cire wa ma'aikatan sitonsu kuɗin fansho daga albashi, Dalyop ya so ya ce a cire sunansa. A ganinsa wata sabuwar dabara ce ta cin gumin baƙi. Kafin ya yi, sai ya kira Sunusi, abokinsa tun suna sakandare a Jos, wanda yanzu akanta ne a Birmingham.

"Kada ka kuskura ka fita," in ji Sunusi. "Saurara ka ji. A tsarinku, sai an cire maka haraji tukuna a ɗebi na fansho daga abin da ya rage. To harajin da aka ci a kan wannan kason, gwamnati za ta mayar maka da shi cikin asusun. Kamfani kuma ya ɗora nasa a kai. Ina ka taɓa ganin adashin da uwar adashi ke ƙara maka?"

"Yaushe zan ɗauka?"

"Sai ka cika hamsin da biyar, a dokar yanzu. Kafin nan ko kai ba ka isa ka taɓa ba. Ai shi ne ma amfaninsa, mutumina."

Dalyop bai fita ba. Bayan ɗan lokaci ma da kansa ya je ofis ya ce a ƙara abin da ake cire masa. Duk sanda aka yi ƙarin albashi, ƙarin can yake tafiya. Yana da gona da ya gada daga mahaifinsa, kuma ya gama tsara komai a ransa: ran da ya ajiye aiki zai koma, ya gina ɗakuna uku da baranda mai kallon duwatsu, ya noma dankali da acha, ya sayi injin ban-ruwa don rani. In ya fara wannan zance a kan abinci, har Nanret takan rufe kunne da wasa.

Justina ba ta ƙi gonar ba. Abin da ke damunta daban ne.

"Baban Nanret, yarinyar nan ta kusa gama sakandare, sau ɗaya tak ta ga kakarta. Mu je Kirsimetin bana."

"Kin san kuɗin jirgi a Disamba kuwa? Ki yi haƙuri. In na ajiye aiki ba ziyara za mu je ba, komawa za mu yi gaba ɗaya."

"Ngo za ta jira ka ajiye aiki?"

Ngo suke kiran mahaifiyarsa. Ya ce Ngo ƙarfe ce, har yanzu da kanta take zuwa gona.

Yana da shekara arba'in da tara ƙanensa Choji ya kira daga gida ya ce Ngo ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta ya shanye, an kai ta asibiti a Jos. Dalyop ya tura duk abin da ke hannunsa. Asibiti ya cinye, aka nemi ƙari. Kuɗin jirgi kuwa babu, don abin da ke shigo masa a wata bai wuce na haya da abinci ba, sauran duk ya riga ya tura shi gaba.

Da tsakar rana ya tsaya a tsakanin kwalaye ya kira kamfanin fanshon. Wata yarinya mai ladabi ta ɗauka. Ta ce ta tausaya masa ƙwarai, amma ba zai iya taɓa ko kwabo ba sai shekarunsa sun kai.

"Kuɗina ne fa," ya ce. "Ni na tara."

Ta ce ta sani, naka ne, amma haka dokar take.

Sunusi ya ce zai saya masa tikiti, ya ƙi. Ya ce Ngo za ta tashi, in wata ya ƙare zai haɗa da na ƙarin awannin aiki ya tafi da kuɗinsa. Wata bai ƙare ba ta rasu. Ta kiran bidiyo daga wayar Choji ya kalli jana'izarta, yana zaune a bakin gado, hoton yana tsayawa yana tafiya. Lokacin da aka zo saka akwatin a rami layin ya yanke gaba ɗaya.

Justina ta zaci daga nan zai sassauta. Sai ma ya je ya sake ƙara abin da ake cirewa. Ya ce ba zai bari ya wuce lokacin da ya ɗiba a ƙasar nan ba, ya gaji da jin mutuwa ta waya. Ta dube shi, ta ga yadda idonsa ya faɗa, ta bar maganar. Ba ta sake tayar da ita ba.

Shekara uku bayan haka, cikin hunturu, Justina ta lura kular tana dawowa da abinci a ciki. Wandonsa ya fara zamewa, ya huda sabon rami a bel. Wata safiya tana ba shi shayi a bakin taga ta ga farin idonsa ya koma rawaya.

"Shawara ce," in ji shi. "Ina yaro na yi ta, Ngo ta dafa min ganye."

"Yau za ka ga GP, likitan unguwa. Ko ka kira su, ko ni in kira."

Daga GP aka tura su asibiti, aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka sake yin wani. Ran da aka kira su karɓar sakamako, likitan ya jawo kujerarsa kusa da su, wata nas kuma ta shigo ta zauna ba tare da ta riƙo komai ba. Justina ta daɗe a aikin jinya, ta san abin da irin wannan zama ke nufi. Ciwon daji ne a cikinsa, ya riga ya kama hanta. Za a iya rage masa zafi, a ɗan ja lokaci. Dalyop ya tambaya, lokaci kamar nawa. Likitan ya ce watanni, ba shekaru ba.

A tram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, suka koma gida. Da suka sauka ya karɓi jakarta ya riƙe mata, abin da ya daɗe bai yi ba.

Nanret tana jami'a a Birmingham a lokacin. Kusan duk ƙarshen mako a gidan Sunusi take yi a unguwar Sparkhill, inda matarsa Zinatu ta mai da ita kamar 'yar cikinta. Justina ta ce wannan ba maganar waya ba ce. Ranar Asabar suka hau jirgin ƙasa. Da a da ne, da Dalyop ya ce su bi bas don ta fi araha. Wannan karon bai ko tambayi nawa ta biya ba.

Sun riga Nanret isa. Zinatu na buɗe ƙofa ta ga yadda ya rame. Ta ja hannun Justina suka shige kicin, aka bar mazan a falo.

Dalyop ya faɗa masa kai tsaye, ba kwana-kwana. Sunusi ya yi salati, ya cire tabarau, ya rufe fuska da tafin hannu.

"Ba kuka na zo ka taya ni ba," in ji Dalyop. "Tambaya na zo da ita. Kuɗin nan, in na tafi, Justina za ta samu? Ko gwamnati za ta haɗiye?"

"Za ta samu. Sunanta ka sa tun farko, da ni aka yi. Babu mai taɓa mata."

"To Alhamdu lillahi, in ji ku."

Sunusi ya mayar da tabaransa. Sannan ya ce, "Akwai kuma wani abu. Ban so ya fito daga bakina ba, amma gara ka ji daga gare ni. In likita ya tabbatar a rubuce cewa mutum ba zai wuce shekara ba, ana iya ba shi kuɗinsa duka, ko shekarunsa ba su kai ba. Yanzu. Ba sai ka jira ba."

Dalyop ya zuba masa ido. Sai ya fara dariya, ƙasa-ƙasa da farko, har ta ƙwace masa ta koma tari. Sunusi ya miƙo masa ruwa.

"Wato da Ngo ke kwance, ƙofa a rufe take," ya ce yana share ido. "Yanzu da ni ne zan kwanta, ta buɗe."

"Ban san abin da zan ce maka ba, Dalyop."

"Ba sai ka ce komai ba."

Nanret ta shigo da jakar goyo da murnarta, tana tambayar wane irin abin mamaki ne wannan, Dad a Birmingham ba tare da an yi masa dole ba. Sai ta ga fuskar uwarta a ƙofar kicin. Justina ce ta faɗa mata, da Hausa, a hankali, don harshen da za ta iya faɗar irin wannan magana da shi ke nan. Yarinyar ta yi ta girgiza kai tana cewa a'a, a'a, a nemi wani likitan. Daga baya ta zame ƙasa ta ɗora kai a gwiwar ubanta. Ya dafa kanta ya bar ta ta yi kukanta.

Da la'asar ta yi, Sunusi ya dawo daga masallaci, Dalyop ya miƙe ya ce kowa ya sa takalmi.

"Ina za mu?" in ji Zinatu. "Ga tuwo na ɗora."

"Sauke shi, Hajiya. Yau ni zan ciyar da ku."

Ya kai su wani gidan abinci na 'yan Pakistan a Stratford Road, wanda ya sha wucewa ta gabansa bai taɓa leƙawa ba. Ya sa aka kawo gasasshen nama da kaza da kifi da shinkafa da gurasa mai faɗin faifai, har tebur ya rasa wurin ajiye kofi. Shi kansa ɗan gefen gurasa ya gutsura ya ajiye. Sauran ma abincin ya ƙi wucewa. Zinatu ce kaɗai ta daure tana ci tana yabawa, don kada ransa ya ɓaci. Shi kuwa sai kallon wurin yake yi, fitilu, iyalai da 'ya'yansu, masu hidima suna kai da kawowa.

Ya karkata wajen Justina ya ce, "Ashe haka wuraren nan suke a ciki."

Ta juya fuska wajen bango.

Bayan sun koma Manchester, Sunusi ya kira Justina ya yi mata bayanin da ya yi wa mijinta, don ya san Dalyop ba zai faɗa mata ba. Washegari da safe ta same shi a kicin yana juya kunun da ba zai sha ba.

"Ka karɓi kuɗin nan mu tafi gida."

"Ba nawa ba ne kuma. Naki ne da Nanret."

"Ba ka mutu ba tukuna."

"Maman Nanret, ki yi tunani. Gwiwoyinki sun fara ciwo. Shekara nawa kuma za ki iya ɗaga tsofaffin mutane daga gado? Yarinya ba ta gama karatu ba. In na kwashi kuɗi na tafi yawon ganin duwatsu, na cinye miki tsufanki ke nan."

"Tsufan da zan yi da wa?"

Ya ci gaba da juya kunun.

"Na ci shinkafar jiya tare da kai," ta ce. "Na kwana da rigar sanyi a cikin ɗaki don kada a kunna hitar ɗumama gida. Ban yi don in zama gwauruwa mai kuɗi ba. Na yi ne don ka ce za mu zauna a baranda. Barandar babu, na haƙura. Amma ka je ka ga kabarin uwarka. Ka zauna da Choji. Ba duka za mu kashe ba, ko kaɗan daga ciki ya isa. Wannan kaɗai nake roƙonka."

Ya ture kofin gefe. Can ya ce, "Sai na je na roƙi likita ya rubuta cewa na kusa mutuwa."

"Zan raka ka."

Ta raka shi. Ya sa rigarsa ta zuwa coci. Da ya zauna gaban likitan sai Turancin ya gudu daga bakinsa, Justina ce ta ƙarasa masa. Likitan bai yi mamaki ba, da alama ba shi ne na farko ba. Ya ce zai rubuta a ranar.

Ya rubuta, amma abin bai zo da sauri ba. Kamfanin ya nemi wata shaida, aka aika, ya nemi a sake sa hannu a wani wuri. Sunusi ya yi ta bin su da waya daga Birmingham. Makonni suna wucewa. Dalyop ya ajiye aiki. Matan zumunta na cocinsu suka riƙa zuwa bayan sujada, su kawo gwate da kunun acha, su yi waƙa a ɗan falon har maƙwabta su leƙo. Yakan zauna a kujera da bargo a ƙafa yana bin su da leɓe.

Sanyi ya fara ja baya lokacin da kuɗin suka shigo. A ranar Justina ta sayi tikiti uku zuwa Abuja, don Nanret ta ce ko jarrabawa za ta rasa sai ta bi su. Dalyop ya samu wani ƙarfi da ba a san daga ina ya zo ba. Ya sa Justina ta kai shi Cheetham Hill, wajen 'yan sarin da ya yi shekaru yana ɗaga wa kaya, ya sayi takalmin ruwa da rigar sanyi na Choji, turamen atamfa na matan gida, hula mai gashi ta ƙanen mahaifinsa Baba Jabez, wanda shi ne babba a gidan yanzu. Bai yi ciniki ba ko sau ɗaya. Akwatuna suka cika falo a buɗe, kullum sai ya sake shirya su.

A makon tafiyar zazzaɓi ya rufe shi. Ya ce gajiya ce. Kashegari ƙafarsa ta kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya, ya tashi zai shiga banɗaki ya faɗi. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Likitoci suka ce jini ne ya daskare ya toshe masa hanya a huhu. Sun shawo kansa, amma maganar jirgi babu ita, ba yanzu ba, ba kuma nan gaba ba. Justina ta bi wata likita daga cikinsu har waje tana tambaya, ko da nas, ko da iskar numfashi, ko nawa ne za su biya. Matar ta riƙe hannunta ta ce ba zai sauka da rai ba.

Da ta koma ciki ba ta san ta inda za ta fara ba. Shi ya riga ta.

"Na ji," ya ce. "Ƙofar ɗakin a buɗe take."

Daga asibiti aka mai da shi wani gidan jinya mai lambu, inda ake kai waɗanda ba a sa ran tashinsu. Nanret ta dawo Manchester. Sunusi yana zuwa duk Asabar, su zauna su yi ta tuna malamansu na sakandare da wanda ya fi kowa bulala.

Wata rana da hantsi Dalyop ya ce a kira masa Choji ta bidiyo. Aka jingina wayar da kofin ruwa. Choji yana ta cewa Allah zai yi abin al'ajabi, an sa sunansa a addu'a a coci.

"Amin," in ji Dalyop. "Amma ka saurare ni. Gonar Babanmu taka ce. Kada ka bar ta ta kwanta, kada kuma ka sayar. Justina za ta turo maka kuɗin injin ban-ruwa. Ka gaishe min da mutanen gida duka."

Choji ya fashe da kuka, wayar ta juya tana nuna sama da reshen mangwaro, sannan ta mutu.

Dalyop ya huta kaɗan, ya ce wa Nanret ta je ta samo masa ƙanƙara ya tsotsa. Da ta fita ya kamo hannun Justina.

"A nan za ku binne ni."

Ta janye hannun. "Don kuɗin ɗaukar gawa? Baban Nanret, har yanzu? Har a kan wannan ma?"

"Ba kuɗi ba ne. Na rantse miki."

"To mene ne? Kai da ba ka da zance sai na gida?"

"Na yi ta tunani a gadon nan. Ke ba za ki koma ki zauna a can ke kaɗai ba, na sani. Yarinyar nan kuwa 'yar nan ce. A nan za ta yi aiki, a nan za ta haihu. In kuka kai ni can, sai ta hau jirgi ta hau mota ta nemi mai nuna mata hanya kafin ta same ni. Na san yadda wannan yake. Ba na so ta san shi."

"Mutanenka ba za su yafe min ba. Za su ce ni na riƙe ka, da rai da mutuwa."

"Za su faɗa. Ki yi haƙuri. Na bar miki wannan ma."

Ta sunkuyar da kai a kan bargon. Ya ɗora hannu a bayanta, hannun da ya zama kamar kara.

Ya rasu wata safiyar Talata, fasto ya gama addu'a ke nan ya fita. Justina tana gefe ɗaya, Nanret tana ɗaya gefen tana shafa masa mai a leɓe. Numfashin ya yi ta nisa da juna, sai wani ya fita bai dawo ba.

An binne shi a wata maƙabarta a kudancin Manchester. Mutanen Filato sun zo daga garuruwa da dama, abokan aikinsa ma sun zo, har da Turawa da 'yan Pakistan. Sunusi da Zinatu suka zauna a bayan coci har aka gama. A bakin kabari Sunusi ya cire kwat ɗinsa ya karɓi shebur, ya yi ta zuba ƙasa har sai da wani ya dafa shi ya karɓa.

Abin da Justina ta faɗa kuwa ya faru. Choji ya daina ɗaukar wayarta. Saƙo ya zo daga Baba Jabez cewa ba a taɓa yin ɗan fari na gidansu ya kwanta a ƙasar wasu ba, kuma sun san wadda ta kitsa haka. Ta tura kuɗin injin, aka karɓa, ba a ce an gani ba. Nanret ta fusata ta ce a rabu da su. Justina ta ce ba a rabuwa da dangin uba.

Da damina ta yi nisa a gida, ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta rufe akwatunan da ke falo, ta tafi ita kaɗai. Daga Abuja ta hau mota zuwa Jos, daga nan ta ɗauki shata zuwa ƙauyen. Babu wanda ya fito tarbarta sai Celestina, matar Choji, wadda ta rungume ta a ƙofar gida.

Baba Jabez yana zaune a kan kujerar katako a gindin bango, Choji na tsaye a bayansa. Justina ta cire takalmi ta durƙusa. Ta gaishe shi, ya amsa a gajarce yana kallon wani wuri. Ta buɗe akwati ta fito da kayan ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin wanda Dalyop ya saya wa kowanne. Choji ya karɓi takalmin ruwan ya juya shi a hannu, ya ga daidai ƙafarsa ne, ya shige ɗaki da sauri. Hular kuwa tsohon bai miƙo hannu ba, sai ta ajiye ta a gefen kujerarsa.

"Da bakinsa ya faɗa?" ya tambaya daga ƙarshe.

"Da bakinsa, Baba."

"Hankalinsa ɗaya?"

"Ɗaya. Har ranar ƙarshe."

"Ya sha wuya?"

"Ya sha. Amma an rage masa. Ba shi kaɗai ba ne, muna wurin ni da jikarka."

Tsohon ya daɗe yana murza sandarsa a ƙasa. "Ya ambace ni?"

Justina ta so ta ce e. Ta ce, "Ya ce a gaishe da mutanen gida duka."

"Duka," in ji Baba Jabez. Ya gyaɗa kai a hankali. Bai ce ya yafe ba, bai kuma ƙara wata magana a kai ba. Ya ɗaga murya ya ce wa Celestina baƙuwa ta sha hanya, a ba ta ruwa, a kai kayanta ɗaki.

Ta yi kwanaki a gidan. Celestina ta kai ta kabarin Ngo, suka cire ciyawar da ta rufe shi. Choji ya fara gaishe ta da safe, ko da yake bai taɓa zama sun yi hira ba. Ranar Lahadi aka kira sunanta a coci ta miƙe, wasu matan suka zo suka riƙe hannunta, wasu suka wuce.

Ran da za ta tafi, Celestina ta ɗora jakarta a ka ta raka ta har bakin titi, inda motocin Bukuru ke tsayawa. An yi ruwa da asuba, hanyar duk taɓo, suna tafiya suna tsallake kwatami. Da mota ta tsaya, Celestina ta sauke jakar ta miƙa wa direba, sannan ta kama gefen zanin Justina.

"Yaya, ki riƙa zuwa. Ko ba don su ba. Ki kawo mana yarinyar mu gan ta."

"Zan kawo ta," in ji Justina.

Direba ya ce a matsa ciki, akwai sauran mutum ɗaya. Ta matsa, wata mata mai kwandon tumatir ta shigo ta zauna kusa da ita, motar ta tashi.